Kalma Sai Da Shaida

Ranar wata Asabar bayan la'asar, ɗiyar ƙanwata da ke shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya ta same ni a zaure, waya a hannu. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta miƙo mini wayar ta ce, "Kawu, don Allah karanta mini nan, ko idona ne."

Wani shafi ne na intanet, irin wanda kowa ke iya shiga ya gyara, an juyo shi daga Turanci zuwa Hausa. Yana bayani a kan cutar nan da ke sanƙarar da wuyan yaro a lokacin zafi. A saman shafin an rubuta sanƙarau, daidai. Layi huɗu da gangarowa sai lanƙwasar ƙ ta faɗi, ya koma sankarau. Kafin ƙarshen sakin layi na biyu, harafin ƙarshe ma ya bi ta, ya zama sankara. Ga shi nan baƙi a kan fari, wai ana ɗaukar sankara ta numfashi a ɗaki mai cunkoso, wai tana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya.

Na ce mata, "Idonki ƙalau, 'yata."

Duk Bahaushen da ya taɓa jinyar wani ya san sanƙarau dabam, sankara dabam. Sanƙarau kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ne, yana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, yana da rigakafi, kuma wanda ya kamu da shi awa ɗaya ta jinkiri na iya raba shi da duniya. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu, akasarinsu a nan Arewa. Har yau akwai gidajen da ba a ambaton wannan shekarar sai an yi shiru. Sankara kuwa ita ce ciwon daji, ba a ɗaukarta don an zauna kusa da mai ita. To, ku duba matar da ke jinyar yayarta mai sankarar mama, ta karanta wancan shafin da dare. Gobe da safe za ta shiga ɗakin da zuciya ɗaya? Ita ɗiyar tawa ta gane kuskuren domin malamanta sun koya mata. Wadda ba ta je makarantar jinya ba fa, wa zai gaya mata?

Saboda wannan nake kira, kuma kiran nawa ga masu sana'a ne kafin kowa.

Bari in faɗi inda kalmomin nan suke zuwa, domin da yawanmu muna ɗaukar abin wasan yara ne. An kafa Wikipedia, gidan irin wancan shafin, a 2001, yau tana da sassa a harsuna fiye da 300, kuma Hausa na cikinsu. Ba wata hukuma ke rubuta ta ba. 'Yan sa kai ne, galibi matasa, ɗalibai da malaman makaranta da ma'aikata, da wayoyinsu da kuɗin datarsu. A 2012 aka ƙaro mata 'yar'uwa mai suna Wikidata, wadda ita ce rumbun da dukkan harsunan ke ɗiba. A can kowane abu na da lambarsa: Nijar Q1032, Nijeriya Q1033. Haka kowace cuta, kowane tsiro, kowane sinadari. A ƙarƙashin lambar akwai gurbi ga kowane harshe, inda za a rubuta sunan abin, da ɗan gajeren bayaninsa, da sauran sunayen da ake kiransa da su. Abin da aka rubuta a gurbin Hausa shi ne Hausar wannan abu a idon duniya. Kuma bayanan Wikidata an sake su ga kowa, kowace manhaja na iya kwasa ba sai ta nemi izini ba. Masu haɗa injin fassara da manhajojin nan masu amsa tambaya suna neman rubutun Hausa ido rufe, ga shi bai da yawa a intanet, don haka duk abin da suka tarar a waɗannan rumbuna da shi suke horar da injinansu. Idan an zuba tsakuwa a wannan rumbu, injin zai niƙa ta tare da hatsin. Gobe wani yaro ya nemi fassara, injin ya ba shi kuskuren, shi kuma ya ɗauka ya rubuta sabuwar maƙala da shi, kuskure ya haifi kuskure, har a wayi gari mai faɗin daidai shi ake yi wa kallon wanda bai iya Hausa ba.

Ban zo in ga laifin matasan nan ba. Wallahi sun yi abin da mu manya muka kasa. Sun ga harshensu ba shi da kujera a majalisar harsuna, suka tashi suka sassaƙa masa. Amma yaro ɗan shekara 22 da ya karanta tarihi, yau ya fassara maƙala a kan ciwon ƙoda, gobe a kan dokar gado, jibi a kan injin mota, ta yaya zai san kalmar kowace sana'a? Dole ya jingina da inji. Tun 2013 Google Translate ke fassara Hausa, kuma yana taimako a zance na yau da kullum. Da an shiga keɓaɓɓun kalmomi sai ƙafarsa ta fara rawa, domin Turanci na da ɗabi'ar ɗora wa kalma ɗaya kaya biyu. Kalmar da Turawa ke kiran naƙuda da ita, ita ce ta ƙwadago. Ta bayan gida da ake kaiwa gwaji, ita ce ta kujera 'yar tsugunno. Ta kuɗin ruwa ita ce ta sha'awa, ta jari ita ce ta babban birni, ta renon ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji ita ce ta al'ada. Ungozoma ba za ta taɓa rikita naƙuda da ƙwadago ba, ko cikin barci aka tashe ta. Inji kuwa sai ya rikita, kuma ya rubuta shi da Hausa mai santsi yadda ido zai wuce bai tsaya ba.

Wani abu ya faru da harshen Sukots na ƙasar Sukotlan wanda ya kamata kowane mai kishin Hausa ya sani. A watan Agusta na 2020 aka gano cewa maƙaloli fiye da 20,000 na Wikipedia ta wannan harshe wani matashi Ba'amurke ne ya rubuta su, wanda ba ya jin harshen. Tun yana ɗan yaro ya fara, da kyakkyawar niyya, yana ɗaukar Turanci yana canza wa kalmomi riga da taimakon ƙamus. Shekaru ya yi yana wannan aiki ba wanda ya tare shi, domin masu harshen ba sa leƙawa. Yaron bai yi nufin ɓarna ba. Gida ne aka bari a buɗe, masu shi suna can wani wuri. Mu da muke miliyoyi daga Kano zuwa Damagaram, daga Zangon Kumasi zuwa Sudan, ba mu da uzurin barin namu gidan haka.

Sai dai matsalarmu ta wuce kuskuren inji, kuma nan ne nake so mu tsaya mu duba da kyau. Akwai wuraren da ita kanta Hausar ba mu gama zama mun raba mata kaya ba.

Ɗauki "ƙwayar cuta". Da ita muke kiran bairos, da ita muke kiran bakteriya, da ita muke kiran abin da sauro ke zuba mana a jini. A hira ba komai. A rubutun lafiya kuwa babbar magana ce, domin magungunan kashe bakteriya, irin kafso ɗin nan da ake saya a kemis kamar gyaɗa, ba sa yi wa bairos komai. Mura bairos ce. Idan maƙala ta ce maganin "yana kashe ƙwayoyin cuta" ta yi shiru, ta ba mai mura lasisin shan abin da ba zai amfane shi ba, kuma yawan shan nan ba bisa ƙa'ida ba shi ke sa bakteriya su ƙi jin magani ranar da ake tsananin buƙatarsa. Kalma ɗaya da aka ƙi ƙarasawa ke nan.

Ɗauki "jijiya". Wadda ke fitar da jini daga zuciya jijiya, wadda ke mayar da shi jijiya, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa jijiya, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi ita ma jijiya. Abu huɗu, suna ɗaya. Mahauci a kwata ya san bambancinsu da wuƙarsa, likitan tiyata ya sani, amma mai fassara da bai taɓa ganinsu ba sai ya zuba su a kwano ɗaya. "Ƙwayar halitta" ma haka take, wani ya nufi ɗan ƙaramin tubalin da aka gina jiki da shi, wani ya nufi abin da ɗa ke gada daga iyaye. Je ka karanta bayanin amosanin jini, wato sikila, da aka rubuta da wannan kalma a ma'anoni biyu cikin jimla ɗaya, ka ga ko saurayi da budurwar da ke shirin gwajin jini kafin aure za su fahimci abin da ake gaya musu.

Ga "tarin fuka", wanda kafafen labarai ke nufin tibi da shi, alhali dattawa da yawa in ka ce fuka, asma suke ji. Ga "shawara", wadda a bakin jama'a take nufin ido da fitsari su yi ɗorawa, alama ce da cututtuka da dama ke kawowa, amma sai ka ga an mayar da ita sunan ciwon hanta a nan, sunan zazzaɓin da sauro ke yaɗawa a can. Ga "mashaƙo", da ya cika bakin kowa lokacin annobar da ta fi tsanani a Kano a 2023, alhali tun da can ana kiran wasu ciwukan maƙogwaro da wannan suna. Uwa ta ji an ce mashaƙo, ta tuna wanda kakarta ke yi wa jiƙo, ta zauna a gida. Irin wannan wuri rubutu na buƙatar ya faɗi sunan, ya kuma faɗi wanne ake nufi.

Wani lokacin kuma mu ne masu arzikin, Turancin ne matalauci. Gero da maiwa da dauro, manomi ya san ba lokaci ɗaya suke nuna ba, ba ƙasa ɗaya suke so ba, amma Bature na iya tattara su a kalma guda. Idan aka bar inji ya dawo da ita Hausa sai komai ya zama gero, mu yi asarar abin da kakanninmu suka bambance. Tsirrai kuwa kuskurensu na iya kai mutum kabari, domin ana jiƙa su a sha. Shi ya sa sunan kimiyya yake da amfani a matsayin turke: zogale shi ne *Moringa oleifera*, tumfafiya *Calotropis procera*, gawo *Faidherbia albida*. Tun 1916 J. M. Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa. Aikin da ya rage shi ne mai maganin gargajiya da malamin kimiyyar tsirrai su dubi hoton da ke shafin tare, su tabbatar ganyen da aka nuna shi ne mai sunan.

Kada kuma mu manta Hausa ba ta tsaya a kan iyaka ba. Mutumin Maraɗi in ya ce dala, tamma biyar na sefa yake nufi, dala ashirin ita ce sefa 100. Mutumin Zariya in ya ji dala, kuɗin Amurka ya ji. Can ana cewa sida, nan ana cewa ƙanjamau. Can mutum kan ce za shi likita yana nufin wurin, nan likita mutum ne, wurin kuwa asibiti. Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu. Mai kuskure shi ne wanda ya goge ta ɗan'uwansa ya ɗora tasa. Gurbin nan na "sauran sunaye" don haka aka yi shi: a sa ta Kano, a sa ta Tawa, a sa ta Sakkwato, duk wanda ya nema da tasa ya samu. 'Yan'uwanmu na Nijar, muna buƙatarku a wannan aiki ƙwarai, domin ku kuna duba kalmar ta tagar Faransanci, kuna ganin abin da mu masu tagar Ingilishi ba ma gani.

Wani zai ce aikin ya fi ƙarfinmu. Ina! An yi shi a baya da kayan aikin da ba su kai namu ba. G. P. Bargery ya yi shekaru yana zagaya ƙasar Hausa yana tambayar mutane kafin ƙamusunsa ya fito a 1934. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, Abubakar Imam na edita, ana gab da shiga yaƙin duniya, kullum ga sabon abu da Bahaushe bai taɓa gani ba, kuma dole a ba shi suna kafin a buga jarida. An kafa Hukumar Hausa a 1955. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, wasu gidajen rediyo suka biyo, kuma a ɗakunan labarai irin waɗannan ake ta ja-in-ja a kan kalma har ta zauna. Dubi abin da aka bar mana: jirgin sama, Majalisar Ɗinkin Duniya, tauraron ɗan Adam, zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, garkuwar jiki. Ka ji yadda suka kwanta a baki kamar da su aka haifi harshen. Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Akwai ƙamusun Abraham, akwai na Paul Newman da Roxana Ma Newman, akwai jerin keɓaɓɓun kalmomi da malaman jami'o'i suka tattara a 1990 ƙarƙashin Ɗalhatu Muhammad. Kayan suna nan. Abin takaicin shi ne suna kan kanta a ɗakunan karatu suna shan ƙura, masu fassara kuma suna can da waya, ba wanda ya haɗa su.

Mu kuwa al'ummar da ta san darajar duba rubutu ce. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya wa malam. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, duk gwanintarsa, sai ya kai wa wasu sun bi shi wasali bayan wasali. A zaurukanmu an yi ɗaruruwan shekaru ana karanta Risala da Muhtasar ana juya su da Hausa kalma bayan kalma, shi ya sa ɗalibin fiƙihu ba ya rikita hiba da wasiyya, ko jingina da ajiya. Wannan tarbiyyar nake so mu ɗauko mu kai intanet.

Ga yadda nake ganin za a yi, kuma ba shi da wuya. Kafin ka yarda da kalma, fara tambayar menene abin, ka bar kalmar Turancin tukuna. Karanta bayaninsa har ka gane shi, in cuta ce ka san alamominta, in ƙarfe ne a inji ka san aikinsa. Sannan ka tambayi mai sana'ar yadda suke kiransa in suna aiki. Je garejin bakanike ka nuna masa hoto, zai ce maka wannan kafireto ne, wannan lagireto, wannan totur. Kada ka ƙirƙiro masa wata doguwar kalma da ba wanda zai gane, kalmar aro da ta zauna a baki ta riga ta zama tamu. Bayan haka ka nemi inda aka rubuta ta, ƙamus ko littafin makaranta ko jarida, ka sa madogarar a shafin don na bayanka ya iya bin sawu. Akwai kuma gwajin da ban taɓa ganin ya gaza ba: karanta wa wanda bai ji Turanci ba, ka ce ya maimaita maka abin da ya fahimta. In ka karanta wa Inna bayanin ciwon suga ta ba ka labarin wani ciwo dabam, koma ka sake. Inda kuwa Hausa ba ta da kalmar tukuna, gara ka yi bayani da jimla guda a sarari da ka liƙa wa abu sunan maƙwabcinsa. In kun saɓa da wani, kowace maƙala na da shafin tattaunawa, ku kai hujjojinku can, kuma duk gyaran da aka yi yana nan a tarihin shafin, ba abin da ke ɓacewa.

Malaman jinya da ungozomomi, ku kuke fassara wa marasa lafiya maganar likita kullum safiya, ba wanda ya kai ku sanin kalmar da ke shiga kunne. Likitoci da masu haɗa magani, minti goma a mako ya isa ku duba shafi ɗaya a fanninku. Alƙalai da lauyoyi da magatakardan kotu, ku duba mana yadda ake rubuta beli da ɗaukaka ƙara da diyya. Malaman gona, makiyaya, maƙera, masu gyaran waya a kasuwa, kowa da rumbun kalmominsa a ka. Ba sai kun iya rubuta maƙala ba. Wanda bai saba da shafin ba ya kira ɗansa ko ƙanwarsa su buɗe masa, shi ya faɗa, su su rubuta.

Malamanmu na sassan Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Yamai, ku ba ɗalibai wannan a matsayin aikin aji: kowane ɗalibi ya ɗauki kalmomi 20 na fanni ɗaya, ya bi su har wurin masu sana'ar, ya kawo shaidarsa, a ba shi maki. Tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka yi ritaya da shekaru 30 na fassara a ƙirjinsu, don Allah kada ku tafi da shi. Ku kuma matasa masu rubutun, Allah ya yi muku albarka, ku rage gudu. In ana gasa, kada yawan maƙala ya ruɗe ku. Masu shirya gasar su ma su ware lada ga wanda ya gyara, kamar yadda suke ba wanda ya ƙirƙira. Kuma ku sa wa wayoyinku allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ, kun dai ga abin da faɗuwar lanƙwasa ɗaya ta jawo.

A ranar nan ban bar ɗiyata ta tafi ba sai da muka gyara shafin. Ta ɗauko littafin darasinta, na ɗauko ƙamus, muka bi layi bayan layi muna mayar da sanƙarau wurinsa, sau bakwai. Muka ƙara jimla ɗaya da ke cewa wannan cuta ba ita ce sankara ba, muka sa madogara. Bai kai mu rabin awa ba, ana kiran magariba muka gama. Da za ta tafi ta ce, "Kawu, ranar Asabar zan zo da ƙawayena uku 'yan ajinmu, akwai shafin mashaƙo da na tarin fuka." Na ce su zo da littattafansu, zan aika a kira maƙwabcinmu da ya yi shekara 28 yana aikin allurar rigakafi.